Yadda Ake Rarrabe Tatsuniya da Camfi da Tarihihi da Sanin Gado, a Kira Kowanne da Sunansa

Tsohuwa ta hana jikarta zama a dokin ƙofa da magariba, ta ce hanyar aljanu ce. Manomi ya ce geron da ke gindin gawo ya fi na sauran gona kyau. Dattijo ya ce Bayajidda ne ya kashe macijin rijiyar Kusugu. Uwa ta ce Gizo ya yaudari kura ya cinye mata nama. Maganganu huɗu ke nan, duk daga baka suka fito, duk gadonsu aka yi, amma ba jinsinsu ɗaya ba. Ta farko camfi ce, ta biyu sani, ta uku tarihihi, wato labarin da ke tsakanin tarihi da tatsuniya, ta huɗu tatsuniya.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake kwashe su a zuba a kwando ɗaya. Wani ya ce "ai duk camfi ne", ya watsar har da abin da zai amfane shi. Wani ya ce "ai duk al'adarmu ce", ya rungume har da abin da ke kashe mutane. Sunan da ka ba magana hukunci ne ka yanke mata, domin da shi mai karatu zai san ko ya riƙe ta, ko ya yi dariya, ko ya gwada, ko ya guje. Wannan bayani na ɗalibi ne, da mai rubutu, da mai fassara, da ɗan jarida, da duk wanda ke son ya adana abin da ya ji a bakin manya ba tare da ya ɓata shi ba.

Mataki na 1: Saurari yadda aka buɗe maganar da yadda aka rufe ta

Kafin ka shiga tunani mai zurfi, bar kunnenka ya yi aiki, domin yawancin maganganun gado suna zuwa da tambarinsu a goshi. Idan ka ji "Ga ta nan, ga ta nanku", aka amsa "Ta zo mu ji ta", tatsuniya ce, kuma daga wannan mabuɗi ne ta sami ɗaya sunan nata, gatana. Idan an kai ƙarshe za ka ji "Ƙurunƙus", wasu su ƙara da "kan kusu", sannan "ba don Gizo ba da na yi ƙarya". Lura da wannan rufewar da kyau: mai tatsuniya da bakinta take shaida maka cewa ƙagagge ne abin da ta faɗa. Ba ta yaudari kowa ba.

Idan ka ji "Ƙulin ƙulifita", aka ce "Gauta", kacici-kacici za a yi, irin su "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya", amsa tsintsiya, ko "Baba na ɗaka, gemu na waje", amsa wuta da hayaƙi. Idan aka fara da "Hausawa na cewa" ko "masu iya magana sun ce", karin magana ke tafe. "A zamanin sarki wane" na jan ka zuwa tarihi ko tarihihi. "Ba kyau a yi kaza" ko "idan aka yi kaza, kaza zai faru" kuwa ƙofar camfi ce.

Mataki na 2: Gano ko mai ba da labarin ya yarda abin ya faru

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace raba gardama, kuma a nan ne aka fi yin kuskure, don haka zan ɗan daɗe a kanta.

Tatsuniya, mai faɗa da mai ji duk sun san ba ta faru ba. Ba ta da shekara, ba ta da takamaiman gari, sai "wani gari" da "wani sarki". Dabbobi na magana, Gizo na da mata Ƙoƙi, dila malamin daji ne, kura ga ƙarfi ga wauta, Dodo na haɗiye mutane a fasa cikinsa su fito da rai. Amfaninta tarbiyya da nishaɗi da koyon magana.

Almara ma ƙagaggiya ce, sai dai ba ta da mabuɗi da marufi irin na tatsuniya, ba a ware mata dare ba, kuma ta fi yawa a bakin manya. Sau da yawa takan ƙare da matsalar da za a warware: mutum zai haye kogi da kura da akuya da damin dawa, jirginsa ba ya ɗaukar fiye da abu ɗaya tare da shi, yaya zai yi? Ko a kawo jarumai uku, kowa ya yi bajinta, a ce wa ya fi wani. Shi ya sa a maganar yau da kullum idan abu ya yi wuyar yarda ake cewa "kamar almara".

Hikaya da ƙissa daga Larabci suka shigo, kuma ba a musanya su. Hikaya labari ne mai darasi, galibi na waliyyai da sarakuna da masu hikima na da, ba lalle ne a tsaya neman ingancinsa ba. Ƙissa kuwa ta annabawa ce da mutanen da Alƙur'ani da hadisi suka ba da labarinsu. Kada ka kuskura ka kira ƙissa tatsuniya. Nauyin kuskuren ya wuce na nahawu: masu fassara Alƙur'ani zuwa Hausa da "tatsuniyoyin mutanen farko" suke fassara maganar da masu ƙaryata Manzo suka riƙa jifan wahayi da ita. Mai karatun da ya san wannan, da ya ga ka rubuta "tatsuniyar Annabi Yusufu", ya gama da kai da rubutunka.

Tarihi shi ne abin da ya faru, kuma akwai hanyar bin sawunsa: rubutun waɗanda suka gani, wasiƙu, jerin sarakuna, kufai, kaburbura. Yaƙin Tabkin Kwatto a 1804 tarihi ne. Shigar Turawa Kano a 1903 tarihi ne.

Tsakanin tarihi da tatsuniya akwai fili mai faɗi, shi ne manazarta adabin baka suka sa wa suna tarihihi. Labari ne da aka jingina ga mutum ko wurin da aka sani, masu ba da shi suna ɗaukar sa da gaske, amma ya cakuɗu da abubuwan mamaki da ba a iya tabbatarwa. Labarin Bayajidda shi ne babban misali. Daura tana nan, rijiyar Kusugu tana nan ana zuwa ganinta, garuruwan Hausa Bakwai, wato Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano da Biram, ba ƙage ba ne. Amma macijin da ke hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, da baƙon da ya sare kansa cikin dare ya auri sarauniya, wannan ɓangaren ya fi kama da hanyar da al'umma ta zaɓa ta bayyana asalin sarautarta da zumuncin garuruwanta. Haka labarin Barbushe da Tsumburbura a Dutsen Dala. Yana cikin rubutaccen tarihin Kano da H. R. Palmer ya fassara a 1908, wanda lissafinsa ya sa farkon sarautar Bagauda a 999, amma shigarsa takarda bai fitar da shi daga tarihihi ba, don an rubuta shi ne ɗaruruwan shekaru bayan zamanin da yake magana a kai. Haka kuma yawancin abin da ake faɗa game da rayuwar Sarauniya Amina ta Zazzau.

A ganina tarihihi kalma ce mai adalci, ya kamata ta fito daga ajin jami'a ta shiga bakin kowa. Idan ka ce wa Badauri labarin Bayajidda tatsuniya ce, ka ci masa fuska, kuma ba ka faɗi daidai ba. Idan ka rubuta shi a matsayin tabbataccen tarihi, ka ɗora wa labarin kayan da ba zai iya ɗauka ba. Tarihihi ta raba wannan rigima.

Akwai kuma kalmomin kushe, waɗanda ba sunayen rukuni ba ne: ƙanzon kurege, shaci-faɗi, zuƙi ta malle, jita-jita. Waɗannan ƙaryata magana ake yi da su. Kada su shiga rubutunka a matsayin sunan abin da tsoho ya ba ka.

Mataki na 3: Idan camfi ne, fasa shi gida biyu

Camfi yana da ƙira sananniya: aiki a gaba, sakamako a baya, ba kuwa wata igiya ta zahiri da ta ɗaure su. Idan aka yi shara da dare, tsiya za ta shigo gida. Idan aka tsallake yaro, ba zai yi tsawo ba. Idan yaro ya saba cin ƙwai, zai yi sata. Idan tsintsiya ta taɓa ƙafar budurwa, za ta rasa mijin aure. Wanda ya yi tatsuniya da rana zai ɓata a kasuwa. Wani camfin kuma ba hani ba ne, alama ce: ƙaiƙayin tafin hannu kuɗi ne ke tafe, rawar fatar ido za a ga wanda aka daɗe ba a gani ba, kukan mujiya a kan gida mutuwa ce.

Abin da za ka yi shi ne ka rubuta aikin daban, ka rubuta barazanar daban, sannan ka duba ko hanin zai iya tsayawa da ƙafarsa idan aka cire barazanar. Zama a dokin ƙofa tare hanya ne, kuma da magariba ake shigo da dabbobi da kaya. Shara da dare a zamanin fitilar aci-bal-bal na iya kwashe allura ko kuɗi a zubar a juji. Tatsuniya da rana na hana yara aike da aikin gida. A irin waɗannan, barazanar bulala ce kawai da aka rataya don yaro ya ji, hanin kuwa yana da ma'ana. Amma gwada hana yaro ƙwai: idan ka cire maganar sata, abin da ya rage shi ne an hana mai girma abinci mai gina jiki. Wannan camfi ne mai cutarwa, kuma ya kamata a faɗi haka ƙarara.

Sharaɗi ɗaya: dalilin da ka hango a bayan camfi fahimtarka ce, ka rubuta shi da sunanka. Kada ka sa shi a bakin tsohuwar da ba ta faɗa ba. Ita aljanu ta ce, to rubuta aljanu.

Ta fuskar amfani da kalmar, jam'inta camfe-camfe, wasu na rubuta canfi, aikatau kuma camfa. "An camfa wannan kuka" na nufin ana jin tsoronta, ana danganta mata abin da ido bai gani ba. Ana kuma camfa mutum, a ɗauka yana da wani abu da ya fi na kowa. Sannan ka sani cewa camfi suna ne da na waje ke bayarwa. Ba wanda ke kiran abin da ya yi imani da shi camfi, kuma wannan zai yi maka amfani idan ka je gaban manya.

Malamai kan yi amfani da kalmar wajen bayanin hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya kore shu'umci da tsuntsaye da mujiya da watan Safar. Duba yadda ya faɗa daidai kan abubuwan da har yau ake camfawa: kukan mujiya, da Larabgana, wato Larabar ƙarshe ta Safar. Don haka idan kana rubuta wa masu karatu Musulmi, kalmar camfi tana ɗauke da hukunci biyu, na hankali da na addini.

Mataki na 4: Kada ka haɗa camfi da imani, kada ka haɗa kalmomin ɓoye da juna

Samuwar aljanu ga Musulmi imani ne, akwai sura sukutum da sunansu. Cewa suna zaune a wannan tsamiya, ko ruwan zafin da aka zubar a ƙasa zai ƙone 'ya'yansu, wannan shi ne camfi. Mai rubutun da ya ce "camfin aljanu" a dunƙule ya taka abin da bai yi niyya ba.

Iska, jam'i iskoki, ita ce tsohuwar kalmar Hausa, kuma ita ce ta bori. Aljani daga Larabci ya zo. Mutane kan kauce wa duka biyun su ce mutanen ɓoye, kamar yadda ake kiran maciji igiyar ƙasa da dare. Bori tsari ne mai kalmominsa: wanda iska ke hawa doki ne, mace goɗiya, shigar da sabon ɗan bori girka ce, iskokin suna da sunaye da halaye, irin su Sarkin Rafi da Ɗan Galadima da Malam Alhaji da Inna, birninsu kuma Jangare. Idan kana bayanin bori, yi amfani da waɗannan, ka nuna cewa kalmomin masu abin ne. Ka kuma kiyaye: ɗan bori daban, ɗan iska daban, na biyun zagi ne tsagwaronsa.

Tsafi ya shafi bauta da yanka ga wani abin da ba Allah ba, kamar yadda aka san shi a addinin Maguzawa, inda ake da kan gida. Sihiri kalmar malamai ce. Asiri da sammu abin da ake cewa an yi wa wani ne don a cuce shi, kurciya kuma nau'in da ake cewa yana raba mutum da garinsu. Surkulle kalmomin da ake furtawa ne waɗanda ba a gane ma'anarsu, shi ya sa ake kiran duk maganar da ba ta da kai surkulle. Laya abin ratayawa ce. Sagau, baduhu, layar zana, kau-da-bara, tauri, kowanne da aikin da ake danganta masa. Kambun baka kuwa illar da ake cewa yawan ambaton mutum na jawo masa.

Maita ita ce kalmar da na fi so a yi taka-tsantsan da ita. Ana cewa maye na kama kurwar mutum ya cinye. Rubuta wannan a matsayin abin da ake faɗa ba laifi. Amma kada ka taɓa haɗa kalmar da sunan mutum mai rai, ko gidansu, ko zuriyarsu, ko da wanda ya ba ka labarin ya ambata. Zargin maita ya sa an doki mutane, an kore su daga gari, an kashe wasu, kuma galibi tsofaffi mata marasa gata abin ke faɗa wa. Goge sunan tun a takardar farko.

Mataki na 5: Ware sanin gado, ka auna shi

Akwai abin da aka gada wanda ba labari ba ne, ba kuma tsoro ba, sani ne da aka tara ta hanyar lura shekara da shekaru. Alamarsa ita ce ana iya gwada shi a ga sakamako. Gawo na kaɗe ganyensa da damina ya yi sabo da rani, don haka ba ya yi wa shuka inuwa, ganyen da ya zuba na zama taki, dabbobin da ke fakewa a gindinsa da rani na barin kashi, saiwarsa kuma na ƙara wa ƙasa ƙarfi. Manoma sun san haka tun kafin masana aikin gona su auna su tabbatar. Majema na jima da bagaruwa, marina na haɗa baba da toka, maƙera na gane zafin ƙarfe daga launinsa, makiyayi na sanin ciyawar da ke kumbura dabba. Sunayen taurari irin su Kaza da 'Ya'yanta da Gamzaki da Zara, da rabon shekara zuwa bazara da damina da kaka da hunturu, duk cikin wannan rukuni suke. Kira shi sanin gado, ko ilimin gargajiya, ko hikimar sana'a. Kiran sa camfi zalunci ne.

Wahalar tana wajen kalmar magani, don bakinta faɗi gare shi. Maganin zazzaɓi magani ne, maganin ƙarfe magani ne, maganin farin jini ma magani ne. Don haka duk inda ka rubuta ta, bayyana wanne kake nufi: na sha da shafawa, ko na tsari da asiri. Haka masu bayar da shi, kowa da sunansa. Maɗori ƙashi yake ɗorawa, wanzami na aski da ƙaho da kaciya, ungozoma na karɓar haihuwa, sarkawa an san su da cire ƙayar kifi, mai ganye na sayar da saiwa da sassaƙe, boka kuwa na haɗa ganye da duba da iskoki. Kiran maɗori boka kuskure ne da zai iya ɓata masa rai.

Kasancewar abu sanin gado bai sa ya wuce awo ba. Likitocin da suka yi bincike a Zariya tun shekarun 1970 sun danganta yawan ciwon zuciya bayan haihuwa da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta, da yawan shan kanwa. Yankan gishiri na cikin abubuwan da ke jawo yoyon fitsari. Farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ce da ake shan magani a samu sauƙi, kuma yawun mai ita ba ya harbin kowa, amma kiran ta bugun iska ya sa ana gudun mai ita a lokacin da ya fi bukatar a taimake shi. Idan ka zo kan irin waɗannan, rubuta abin da ake yi da sunan da ake kiran sa, sannan ka faɗi abin da aka tabbatar. Ba cin mutuncin kakanni ba ne, su ma lafiya suke nema.

Mataki na 6: Al'ada da gargajiya ba hukunci ba ne

Al'ada abin da aka saba yi ne, tsoho ko sabo, mai kyau ko mummuna. Gargajiya abin da aka gada ne, kunne ma na jin gado a cikinta. Kowace cikinsu ba ta ce abu gaskiya ne ko ƙarya ba, don haka su ne mafaka idan kana son ka bayyana abu ba tare da ka yanke masa hukunci ba. Sai dai kula da wurin da ka sa al'ada, tunda ita ce kuma kalmar sakaya jinin haila. Idan kana neman sunan da zai rufe tatsuniya da karin magana da kirari da waƙa gaba ɗaya, adabin baka ake cewa.

Mataki na 7: Zaɓi kalmar jingina

Bayan ka san rukunin maganar, saura yadda za ka ɗora ta a jimla. Ƙananan kalmomi ne ke wannan aiki, kuma kowace da nauyinta. Gwada su a kan magana ɗaya. "Bakan gizo na shanye ruwan sama": ka mayar da ita maganarka, ka tabbatar. "An ce bakan gizo na shanye ruwan sama": ka ruwaito, ba ka ɗauki ɓangare ba. "Wai bakan gizo na shanye ruwan sama": ka nesanta kanka, har da ɗan ƙamshin shakka. "Mutanen da sun ɗauka bakan gizo na shanye ruwan sama": ka ce kuskure ne, kuma ya wuce.

Ga tarihihi, "an ce" da "bisa ga abin da aka gada" sun fi dacewa. Ga camfi, "ana cewa" ko "an camfa cewa". Ga sanin da aka tabbatar, faɗe shi kai tsaye, kada ka sa masa "wai", domin "wai" ɗaya na iya rushe abin da manomi ya shekara hamsin yana gani da idonsa. A cikin tatsuniya kuwa ba a bukatar ko ɗaya, mabuɗinta ya riga ya yi aikin.

Mataki na 8: Lura da kalmomin da suka bar gidansu na asali

Wasu kalmomi sun fito daga tsohon imani amma yau ba sa ɗauke da shi. Shan inna ya samo suna ne daga Inna ta bori, wadda ake cewa ita ke shanye ƙafar yaro. Yau da wannan suna ma'aikatan lafiya ke kiran cutar a wajen rigakafi, da shi kuma aka ba da labari a watan Agustan 2020 lokacin da aka tabbatar nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Mai cewa shan inna yau ba bori yake yi ba. Haka zazzaɓin wata a madadin husufi, haka yanar gizo da ta zama sunan intanet. Kada ka gyara wa mutane irin waɗannan, amma idan kana bayanin asalinsu ka faɗa.

Idan kuma labaran wasu al'ummu kake fassarawa, yi musu tambayar mataki na biyu. Labaran allolin Girkawa na da, masu su sun yi imani da su, sun gina musu ɗakunan bauta, don haka "labaran allolin Girkawa" ya fi "tatsuniyoyin Girkawa" daidai. Abin da 'yan'uwan nan biyu na Jamus, Jacob da Wilhelm Grimm, suka fara bugawa a 1812 kuwa tatsuniyoyi ne sak. Adalcin da kake so a yi wa Bayajidda, yi wa na wasu.

Tsofaffin littattafai ma sai an tace sunayen da suka ba abubuwa. Frank Edgar ya buga kundi uku tsakanin 1911 da 1913 da sunan tatsuniyoyi, alhali a ciki akwai labaran yaƙe-yaƙe da na sarakuna da karin magana da wasiƙu. A. J. N. Tremearne kuma a 1913 ya sa wa nasa sunan camfe-camfe da al'adu, alhali babban kasonsa tatsuniyoyi ne. Ka amfana da abin da suka tara, amma kai za ka sake rarrabewa. Wajen ma'anar kalma, duba ƙamusun Bargery na 1934 don tsohuwar ma'ana, da ƙamusun Jami'ar Bayero na 2006 don ta yanzu, ka ga inda ta gusa.

Mataki na 9: Je ka ji daga baki, ka rubuta yadda aka faɗa

Kunne ya girmi kaka, amma sai an kai shi inda maganar take. Fara da na gida. Je da gaisuwa, ka zauna, kada ka fito da waya tun ba a gama tambayar mutanen gida ba. Nemi izini kafin ka ɗauki murya, ka faɗi abin da za ka yi da ita.

Yadda ka yi tambaya shi ke buɗe baki ko ya rufe shi. Idan ka ce "Iya, faɗa mini camfe-camfen da kika sani", za ta ce ita ba ta san camfi ba, tun da ta yi hankali take salla. Ce mata: "Iya, da kuna yara, me da me ake hana ku yi da dare?" Idan ta faɗa, ka ce: "To in an yi, me aka ce zai faru?" Ga dattijo kuma: "Baba, wa ya fara zama a garin nan? A bakin wa kuka ji?" Wannan tambaya ta biyu kada ka bar ta, ita ke nuna maka ko ganau ne ko jiyau, da tsawon igiyar da labarin ya biyo. Tatsuniya ta fi zama a bakin mata, kuma da dare a gaban yara take fitowa da ranta, don haka tara yara ka zauna a gefe. Idan an zo waƙar da ke cikinta kada ka katse, ita ce ke fara ɓata idan an mayar da tatsuniya takarda.

Mai sana'ar gado yana da abin da zai faɗa da abin da ba zai faɗa ba. Idan maɗori ko mai ganye ya ce wannan sirrin gida ne, tsaya nan. Abin da ya ba ka kuma, tambaye shi ko ya yarda a yaɗa.

Rubuta a daren da ka ji, kafin kunnenka ya gyara maganar. Bar karin harshen yadda yake: wanda ya ce "shina" ko "ɗiya" kada ka mayar masa "yana" da "'ya". Sa ƙugiya a haruffan da ke da ita, don ƙasa da kasa ba ɗaya ba ne, haka ɓata da bata. A ƙarƙashin kowace magana rubuta ranar da aka faɗa, da yankin, da kimanin shekarun mai faɗa, da wanda ya ce ya ji daga gare shi, da sunan da shi ya kira maganar da shi. Rukunin da kai ka sa ta, da dalilin da ka hango, su zo a layi na daban. Idan ka sami labari ɗaya ta hanya uku, ajiye ukun, kada ka narka su ka fitar da na huɗu wanda ba wanda ya taɓa faɗa.

Ajiye muryar a wuri biyu, ɗaya a waya ɗaya a kwamfuta ko wata ma'ajiya, ka sa wa kowace suna da kwanan wata. Sannan ka koma gidan da ka ɗauko, ka kunna wa mai maganar ta ji, ka gyara inda ta ce ba haka ta faɗa ba, ka tura wa 'ya'yanta da jikokinta nasu kwafin.